Labarin ƙasa ba haddar sunayen birane ba ne

Da zarar ɗalibi ya ce a sashen labarin ƙasa yake karatu, sai a jefo masa tambaya: "To, mene ne babban birnin Masar?" Mutane da yawa sun ɗauka aikin sashen ke nan, haddar koguna da duwatsu, in an gama kuma sai koyarwa.

Darasin firamare ne ya dasa wannan tunanin. A jami'a, abin da ake tambaya shi ne me ya sa ambaliya ke cin wannan unguwa ta bar waccan, ko me ke korar mutane daga ƙauye zuwa birni. Ɗalibi kan fita fili ya auna ruwan sama, ya ɗebo ƙasa zuwa ɗakin gwaji, sannan ya zauna gaban kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam. Tun 1972 shirin Landsat na Amurka ke ɗaukar irin waɗannan hotuna, da su ake gane yadda daji ke raguwa shekara bayan shekara.

Tsarin GIS ma, wato tsarin kwamfuta na tattara bayanai da nazarinsu a kan taswira, wanda masu tsara birane ke dogaro da shi yau, masanin labarin ƙasa ne, Roger Tomlinson, ya jagoranci kafa shi a Kanada a shekarun 1960.