Waiwaye: Yadda jujin Katsina ya tashi daga taki ya koma leda

Kafin leda ta shigo, sharar gidan Bakatsine dukiya ce. Abin da tsintsiya ke tarawa bai wuce toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, kashin awaki da tumaki, sai sakaina da tsingaro. In rani ya yi nisa manoma su shigo da jakai, a cika mangala a juji, a fita ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Marusa, a zuba tsibi-tsibi a gona kafin ruwan shuka.

Manoman nan sun san abin da suke ɗauka. Toka tana da fotashiyam da kalsiyam, tana kuma rage tsamin ƙasa. Kashin dabbobi na ba da naitirojin. Shi kuwa ruɓaɓɓen ganye da kara yana riƙe danshi, abin da ƙasarmu mai rairayi ke matuƙar buƙata. Kusan duk abin da ke jujin wancan lokaci, ƙasa na iya cinye shi.

Hukuma ta daɗe tana sa ido. A zamanin En'e akwai duba-gari, masu shiga gida su leƙa randa da kwata. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya haifar da sharar ƙarshen wata. Bayan an gano gubar da aka jibgo daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, sai NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007. Amma a unguwanni abin da aka fi gani shi ne a kwashe a kai bayan gari. Ba a cika tambayar mene ne a cikin sharar ba, alhali ita kanta ta sauya.

Daga shekarun 1990 fiya wata ya cika gari, baƙar leda ta kori ƙwarya da kwando daga cefane. Leda ba ta shan ruwa, ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi. Iska ta ɗauke ta ta rataye a ƙaya, ruwan damina ya kai ta lambatu ta toshe, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Akuya ta haɗiye ta saboda ƙanshin abincin da ke jiki, sai ka ga tana ramewa ba ciwo a fili. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbi, murɗaɗɗe kamar igiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙonawa. Robar da ke da sinadarin kulorin, irin ta bututun ruwa da rigar waya, tana fitar da hayaƙi mai guba, kuma yara ne ke wasa kusa da bola. Batirin mota da wasu na sola dalma ce a ciki, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. In aka fasa shi a juji, gubar ta bi toka, tokar ta tafi gona.

'Yan gwangwan sun riga sun raba mana ƙarfe da alminiyam, tunda ana sayensu a kilo. Saura toka da kashin dabbobi, waɗanda har yanzu manomi ke so, musamman da takin zamani ya yi tsada. In aka ajiye su a kusurwa ɗaya tun daga tsakar gida, leda da batir a buhu daban, mai jaki ko mai kura zai ɗauki takinsa ba sai ya durƙusa yana tsintar leda a gona ba.