Kirsimetin sojoji a Mora, arewacin Kamaru: amsar tambayoyin da kuke ta yi mini

Duk Disamba, da mun fara tara kuɗin kayan Kirsimetin sojoji a ƙungiyarmu ta matan kasuwa, sai tambayoyin bara su dawo. Ga amsa, kada a sake tare ni a bakin rumfa.

Ni Musulma ce, ya dace in bayar?
Ba coci aka ce ki je ba. Mai gadinki za ki ciyar. Sauran ki tambayi malaminki.

Ba a ba su hutu ne?
Ranar 25 hutun ofis ce, ban da bakin daga. Kun manta 28 ga Disamba 2014, da Boko Haram suka afka wa sansanin Ashigashiya har sai da jiragen yaƙi suka tashi? Rani ne, rafuka sun ƙafe, babur yana bi ko'ina.

Ai suna da albashi?
Suna da shi. Amma je ki dubi yaron da aka turo daga Duwala, bai san hunturu ba, leɓɓansa duk sun tsage, uwarsa tana can nesa. Haba, Yaya.

Na dafa shinkafa da kaji, in kai musu shinge da kaina?
A'a, don Allah. Tun hare-haren Marwa na Yulin 2015, da aka ɗaura wa 'yan mata bam, soja ba ya son ganin mace ta nufo shi da rufaffen kwano. Kada ranki ya ɓaci, ba ke ya tsana ba. Ki bi ta wajen bulama ko lawani, su sanar da hukuma, a tsayar da rana. In akwai fasto ko fada na coci a unguwarku, shi ma hanya ce. Ko da hakan, ya danganta da kwamandan wurin: wani ya karɓi dafaffe, wani ya ce sai busasshe, kuma abin da aka yarda da shi a cikin Mora ba lalle a yarda da shi a Kolofata ko Fotokol ba. Ni dai na fi son busasshen: buhun shinkafa, mai, sukari, sabulu, man kaɗanya. In an mayar miki da girkinki, kada ki zubar, ki wuce da shi asibiti. Masu jinya suna kwana a tabarma a cikin sanyin nan, Musulmi da Kirista.

In ɗauki hoto in sa a Facebook?
Kul!

Jaka ɗaya kawai gare ni.
Kawo, ƙanwata, ta sayi sabulu. Babu kunya a ciki.

'Yan banga fa?
Su ake mantawa kullum, abin yana ci mini rai. 'Ya'yanmu ne, da kwari da baka da tocila suke kwana a bayan gari, babu albashi. A kasonmu na bana, bargunansu muka fara cirewa.