Lafawa da warkewa: kalmomi biyu da ke raba kan masu doguwar jinya

A Hausar yau da kullum, idan aka ce wuta ta lafa, ana nufin harshenta ya kwanta, amma garwashi yana nan a ƙarƙashin toka, kuma iska kaɗan za ta iya tayar da shi. Da wannan ma'anar ake cewa rikici ya lafa, ko guguwa ta lafa, ko zazzaɓi ya lafa. Warkewa kuwa rabuwa ce da ciwo baki ɗaya, kamar yadda gyambo ke warkewa ya bar tabo kawai, ko ƙashin da ya karye ya haɗe har mutum ya manta da wace ƙafar ce. Ga mai mura ko maleriya, bambancin kalmomin nan biyu bai cika damun kowa ba, domin sauƙin da ya samu yakan zarce har ya zama warkewa. Ga mai doguwar jinya, wato wanda ke rayuwa da amosanin jini, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko asma, ko farfaɗiya, ko cuta mai karya garkuwar jiki, bambancin yana iya kai shi gadon asibiti idan bai fahimce shi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan kalma shi ne, a ƙungiyoyin da majinyata da iyalansu ke kafawa domin ƙarfafa wa juna gwiwa a nan Gombe, na lura cewa yawancin saɓanin da ke ɓata zumunci daga nan yake tasowa. Wani ya ga ciwo ya lafa sai ya ce ya warke, wani ya ji an ce an warke sai ya ce ƙarya ne, daga nan kuma sai a bar zancen ciwo a koma zancen mutunci.

Na taɓa zama a wani taron iyayen yara masu sikila, wato amosanin jini, inda wata dattijuwa da ta zo daga wajen Kumo ta miƙe tana murna, ta ce jikanta ya warke. Ta ce wata huɗu ke nan tana ba shi wani jiƙo safe da yamma, bai sake kwana yana kukan ciwon ƙashi ba, har ta ajiye ƙwayoyin da asibiti ke ba shi. Wani saurayi da ke zaune a baya, wanda shi ma yana da cutar tun haihuwa, bai bari ta kai aya ba ya ce, "Goggo, wannan ba gaskiya ba ne, sikila ba ta warkewa da jiƙo." Dattijuwar ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce, "Ɗan nan, ni da nake kwana da shi ɗaki ɗaya za ka ƙaryata?" Ta zauna, ba ta sake cewa uffan ba har aka tashi. Abin da ya fi damuna shi ne, daga ranar wasu mata biyu suka bi ta waje suna tambayar inda ake samun jiƙon, a cikin taron kuwa babu wanda ya ƙara samun bakin yin tambaya.

Dattijuwar ba ta yi ƙarya ba, domin wata huɗun da ta ƙirga gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saurayin ma bai yi kuskure a kan cutar ba. Amosanin jini gado ne da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba, kuma yana cikin tsarin halittar da ɓargo ke bi wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa takan lalace cikin kwana 10 zuwa 20, kuma idan iskar da ke cikin jini ta ragu sai ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, wanda shi ne ke kawo azabar da majinyata ke ji a ƙashi da ƙirji da ciki. Toshewar tana da abubuwan da ke tayar da ita, kamar sanyin hunturu, da zazzaɓin damina, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin Maris da Afrilu, da gajiya mai yawa. Saboda haka yaro yana iya yin watanni lafiya lau idan waɗannan abubuwa ba su same shi ba, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba, alhali idan aka sake gwada jininsa SS ɗin nan dai, wato alamar jinin mai sikila, za a gani.

Akwai kuma wani abu da ke yaudarar ido ko da mutum mai gaskiya ne. Mutane sun fi neman sabon magani a daidai lokacin da ciwo ya kai ƙololuwa, kuma tashin sikila bisa al'ada yakan sauka bayan 'yan kwanaki, don haka duk abin da aka sha a rana ta uku shi zai kwashe yabon sauƙin da aka samu a rana ta biyar. Sannan wanda jiƙon bai yi wa komai ba ba ya miƙewa a taro ya ba da labari, ballantana iyayen da suka rasa ɗansu. Labarin nasara kaɗai ke yawo daga baki zuwa baki da saƙonnin murya a wayoyi, shi ya sa jama'a ke jin kamar kowa ya dace.

Warkewa daga sikila tana yiwuwa, amma ta hanyar dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, galibi ɗan'uwa na jini, ga tsada ga haɗari. A ƙarshen 2023 hukumomin Ingila da Amurka sun amince da wata hanyar gyaran ƙwayar halitta, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a ƙasarmu. Sauran abin da asibiti ke bayarwa, kamar folik asid, da maganin kariya daga maleriya, da haidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, duk aikinsu lafar da cuta ne, kuma likitan kirki ba ya ɓoye hakan.

A ciwon suga likitoci sun ma sa wa lafawa iyaka da lamba. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku da suka wuce, kuma a 2021 manyan ƙungiyoyin masana cutar suka yi ittifaƙi cewa za a ce ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, ya lafa idan sakamakon ya tsaya ƙasa da 6.5 cikin ɗari na aƙalla wata uku bayan barin magani. Da gangan suka guje wa kalmar warkewa, domin sugan yana iya dawowa, kuma dole mutum ya ci gaba da gwaji. Mai nau'i na farko kuwa, wanda jikinsa ba ya samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, barin allurar insulin gare shi haɗari ne na kwanaki kawai. Hawan jini ya fi su iya ɓuya, tunda mutum zai iya wuce 140 bisa 90 da nisa ba tare da ko ciwon kai ba, kuma awon da ya sauka saboda ƙwaya yakan sake hawa idan aka bar ta. Haka mai cuta mai karya garkuwar jiki da aka ce ba a ganin ƙwayar cutar a gwajinsa: maganin ne ya danne ta. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, aka sa majinyata suka ajiye magungunansu, kuma a 2018, bayan ya bar mulki, wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara kotu.

Idan musu ya yi zafi, sau da yawa wani yakan kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma daga nan mai tambaya yakan ji kamar ana tuhumar imaninsa. Hadisin gaskiya ne, kuma shi ne ke hana mai jinya yanke ƙauna. Sai dai bai ce maganin shi ne wanda ke cikin jarkar da wane yake sayarwa ba. A wata ruwayar ma an ƙara da cewa wanda ya san maganin ya san shi, wanda ya jahilce shi ya jahilce shi, wato neman sani da tantancewa suna cikin abin da hadisin ke kira zuwa gare shi.

Ba na cikin masu raina maganin gargajiya, kuma tarihin sikila a ƙasar nan ya isa ya hana mutum raina shi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ɗauki wani haɗi na gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta yi bincike a kansa a shekarun 1990, ta fitar da shi da sunan Niprisan, kuma wani ƙaramin gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwo mai tsanani. Abin lura shi ne ko wannan da ya bi ta hannun masana, iyakar abin da aka shaida masa shi ne lafarwa. Haka nan lambar hukumar NAFDAC da ake nuna wa mutane a jikin kwalba: wadda ake ba yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba ba a ga illa ta kusa ba, ba shaida ce cewa maganin yana yin abin da aka rubuta a jikinsa ba.

To, yaya ya kamata saurayin nan ya yi? A ganina shakkarsa tana kan hanya, inda ya sa ta ne ba daidai ba, domin ya ɗora ta a kan mutuncin dattijuwar maimakon a kan kalmar da ta yi amfani da ita. Da ya ce, "Goggo, Allah Ya ƙara masa lafiya, mun yi murna da ciwon ya lafa, an sake gwada jininsa kuwa, kuma likitansa ya san an ajiye ƙwayoyin?", da ya karɓi abin da idonta ya gani, ya kuma buɗe ƙofar abin da ba ta sani ba, ba tare da ya kunyata ta a gaban 'ya'yan cikinta ba. Tambayoyin da ke da amfani ba su da yawa: tun yaushe aka fara, me ake sha tare da shi, wane gwaji aka yi kafin da bayan, kuma wanda ke yabon maganin yana da riba a cinikinsa ko babu. Idan mai maganar babba ne, sau da yawa ya fi kyau wani sa'ansa ya same shi a gefe bayan an tashi.

Ya kamata masu doguwar jinya su fi kowa sanin zafin ƙaryatawa, domin da ita suke rayuwa. Ciwon sikila ba ya fitowa a fata, don haka an sha ce wa yaro raki ne da shi, a ce wa budurwa lalaci ne, a ce wa saurayin da ke murƙususu yana roƙon allurar kashe zafi ya kamu da jarabar ƙwaya ne. Mai irin wannan tabon idan ya zo cikin 'yan'uwansa majinyata, wurin da yake sa ran a yarda da shi ba tare da rantsuwa ba, sai ya sake jin an ce masa ƙarya yake, da wuya ya dawo. Shi ya sa nake ganin abin da mutum ya faɗa game da jikinsa, cewa yana jin zafi ko ya ji sauƙi, ba abin musu ba ne. Abin da za a iya tattaunawa shi ne dalilin da ya danganta sauƙin da shi, da shawarar da yake ba wasu a kan haka.

Akwai dai wurare biyu da bai kamata shugabannin ƙungiya su yi kara ba, ko wane ne mai maganar. Na farko shi ne a ce wa wani ya bar maganin asibiti ba da sanin likitansa ba, na biyu kuma a mayar da taron majinyata kasuwa. A nan kawaici cutarwa ne, domin uwar da ta gaji da zaryar asibiti da kuɗin magani tana jiran wanda zai ce mata ta huta ne kawai. Ya fi sauƙi a kafa wannan ƙa'ida tun ranar da babu rigima, a riƙa maimaita ta a farkon kowane zama, a kuma gayyato ma'aikacin lafiya lokaci zuwa lokaci, ko daga Asibitin Koyarwa na Tarayya ko daga asibitin da ya fi kusa, musamman a ranaku irin su 19 ga Yuni ta sikila da 14 ga Nuwamba ta ciwon suga, domin idan aka tsawatar wa mutum ya san doka ce ta kowa ba shi aka tsana ba.

Dattijuwar Kumo ba ta zo zama biyu da suka biyo baya ba, har sai da wata sa'arta mai jikoki biyu masu cutar ta hau mota ta je gidanta. Ba ta ce mata ta zubar da jiƙon ba, ta dai roƙe ta su tafi da shi asibiti tare da yaron, likita ya gani, a kuma mayar da shi kan ƙwayoyinsa kafin sanyi ya shigo. An sake gwajin, jinin yana nan SS, kuma ya yi ƙasa fiye da yadda ake so, aka ƙara masa magani aka ba su ranar dawowa bayan mako huɗu.