Waiwaye: Katin Honus Wagner, daga kwalin sigari zuwa gwanjon miliyoyi

A watan Agustan 2022 aka sayar da wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba kan dala miliyan 7.25. Hoton da ke jikinsa na Honus Wagner ne, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka, wanda ya rasu tun 1955.

Asalin katin kyauta ce ta talla. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya riƙa cusa hotunan 'yan wasa cikin kwalayen sigari don jawo masu saye, jerin da masu tara kati suka laƙaba wa suna T206 daga baya. Wagner ya ce bai yarda ba, aka dakatar da buga nasa. Wasu na cewa ba ya son yara su sayi sigari saboda hotonsa, wasu kuma sun ce kan kuɗi aka ɓata. Abin dariya, shi kansa mai taunar taba ne. Kaɗan ne suka shiga kasuwa, kuma waɗanda aka san suna nan yau ba su wuce 'yan gomomi ba.

Da mai hoton ba kowa ba ne, ƙarancin katin ba zai kai shi nan ba. An haifi Wagner a 1874 a jihar Pennsylvania, iyayensa baƙi ne daga Jamus, kuma tun yana yaro ya shiga ramin haƙar kwal. Ya fara babbar gasa a Louisville a 1897, ya koma Pittsburgh a 1900, ya zauna har 1917. Gurbinsa shi ne tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa a fili, inda ƙwallo ke yawan zuwa, wurin da aka saba sa masu ɗan jiki. Shi kuwa ƙato ne mai gwame, ga manyan hannaye, amma ga zafin nama. Sau 8 yana zama gwarzon bugu na gasar National League, ɗaya daga cikin manyan gasannin besbol biyu na Amurka, ya ci kofin World Series, wanda zakarun gasannin biyu ke karawa a kansa, a 1909, kuma yana cikin mutum 5 na farko da aka karrama a zauren gwarazan wasan a 1936.

Cikin katunan Wagner ɗin, ɗaya ya fi sauran suna. A 1991 ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saye shi kan dala 451,000, a 2007 ya kai miliyan 2.8. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne gefunansa sumul, kamar jiya aka buga shi. Ashe da walakin. A 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunan don katin ya yi kyau, kuma a 2015 aka yanke masa ɗaurin wata 20 kan zamba a harkar gwanjo.

Tonon asirin bai sanyaya wa masu saye gwiwa ba. A 2021 wani katin Wagner ɗin dabam ya tashi kan dala miliyan 6.6, shekara guda kafin cinikin 2022.