Waiwaye: tsohuwar muhawarar masana kan ma'anar namiji da mace

Da can ido ne alƙali: a dubi jariri a ce namiji ne ko mace. A 1905 wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta lura cewa mazan wasu ƙwari na da ɗan ƙaramin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki, da matan ba su da shi. Nan aka samo zancen XX da XY, wato a ɗan Adam mace na da kuromosom X biyu, namiji kuma X da Y. A 1990 Andrew Sinclair da abokan aikinsa a Landan suka gano SRY, ƙwayar gadon da ke kan Y mai sa ɗan tayi ya kama hanyar zama namiji.

Sai dai jiki ba kullum yake bin lissafi ba. Akwai mai XY da jikinta ba ya jin testosteron, sinadarin da ke fito da siffofin namiji, ta tashi mace sak. Haka abin ya faru da 'yar tseren Sifen, Maria José Martínez-Patiño, wadda gwajin kuromosom ya kayar a birnin Kobe na Japan a 1985. Aka kore ta daga wasa, aka tozarta ta a jaridu, sai a 1988 aka wanke ta. Abin tausayi, ita kanta ba ta san da wannan halitta a jikinta ba.

Masana halittu da dama sun ce kuromosom hanya ce kawai. A tsuntsaye, mace ce ke da kuromosom iri biyu. A kada, zafin ramin ƙwai ne ke yanke hukunci. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙwayar haihuwa: mai babba, wato ƙwai, mace, mai ƙarama, wato maniyyi, namiji. Babu ta uku. Wasu kuma, irin su Anne Fausto-Sterling, sun ce jinsi hawa-hawa ne, da kuromosom da gaɓoɓi da sinadarai, kuma ba lalle su dace ba. Ta ƙiyasta mata-maza da kashi 1.7 cikin ɗari. A 2002 Leonard Sax ya ce kashi 0.018 cikin ɗari ne, domin Fausto-Sterling ta saka har waɗanda babu ruɗani a jinsinsu.

A ganina tambayoyi biyu ake cakuɗawa. Mai nazarin halittu yana magana kan yadda halitta ke hayayyafa, kuma nan hujjar ƙwayar haihuwa ta fi ƙarfi. Likita kuwa mutum guda ne a gabansa, wanda wataƙila jikinsa bai taɓa yin ƙwai ko maniyyi ba.

A 2025 gwamnatin Trump ta ɗauki ma'aunin ƙwayar haihuwa, hukumar wasannin guje-guje ta duniya kuma ta wajabta wa mata gwajin SRY. Sinclair da kansa ya fito ya ce gwajin bai isa ya tantance jinsi ba.