Christopher Golden

Christopher Golden marubucin labaran ban tsoro ne ɗan ƙasar Amurka, wanda kuma yake rubuta labaran zane, yana kuma tace tarin gajerun labarai na wasu marubuta. An haife shi ranar 15 ga Yuli, 1967, a jihar Massachusetts, ya yi karatu a Jami'ar Tufts. Littattafansa sun kai gommai, kaso mai tsoka daga cikinsu kuwa da haɗin gwiwar wasu ya rubuta su.

Farkon aiki

Da aikin edita ya fara fitowa. A 1992 ya tattara rubuce-rubucen marubuta a kan fina-finan ban tsoro cikin littafin Cut! Horror Writers on Horror Film, wanda ya ci lambar yabo ta Bram Stoker. Ƙagaggen labarinsa na farko, Of Saints and Shadows, ya fito a 1994. Jaruminsa, Peter Octavian, mashayin jini ne da ke aikin binciken laifuka a birnin Boston, kuma labarin ya ci gaba a littattafai da dama bayan wannan.

Daga wajajen tsakiyar shekarun 1990 ya riƙa rubuta littattafai a kan jaruman da wasu suka ƙirƙira, kamar X-Men da Daredevil, sai kuma shirin talabijin na Buffy the Vampire Slayer, inda ya yi aiki tare da Nancy Holder. Ra'ayin masu sharhi ya bambanta a kan darajar irin wannan rubutu na haya.

Aiki da Mike Mignola

A nan ne sunansa ya fi kafuwa a fagen labaran zane. A 1997 ya rubuta Hellboy: The Lost Army, wanda Mignola, mahaliccin jarumin Hellboy, ya yi wa zane. Shekaru biyu bayan haka ya tace tarin labarai na Hellboy: Odd Jobs.

A 2007 su biyun suka fitar da Baltimore, labarin wani hafsan sojan Birtaniya, Lord Henry Baltimore, a Yaƙin Duniya na Farko. An kashe dakarunsa, shi kuma yana kwance da rauni cikin gawarwaki da dare, sai ya ga wasu halittu masu fukafukai sun sauko suna cin matattu. Ɗaya ta nufo shi, ya yanke ta a fuska da wuƙar bakin bindiga. Wannan yanka shi ya tayar da annobar mashaya jini a Turai. Baltimore ya rasa ƙafa da iyalinsa, ya shiga duniya da ƙafar katako yana farautar wanda ya yi masa wannan ta'asa. Labarin ya jingina da tatsuniyar Hans Christian Andersen ta sojan dalma mai ƙafa ɗaya, kuma wannan jingina ce ta ba shi taushin da ba kasafai ake samu a labaran ramuwar gayya ba. Kamfanin Dark Horse ya mayar da shi labarin zane daga 2010 zuwa 2017, Ben Stenbeck ne ya zana kashin farko.

Golden da Mignola sun sake haɗuwa a Joe Golem and the Drowning City a 2012, sannan a rubutun fim ɗin Hellboy: The Crooked Man na 2024.

Littattafan baya-bayan nan

Sanyi da ƙanƙara sun zama tambarinsa a wannan zango. Snowblind na 2014 yana magana ne a kan guguwar dusar ƙanƙara da ta cinye wasu daga cikin mutanen wani gari, ta kuma dawo bayan shekaru 12. Ararat na 2017 ya kai masu bincike wani kogo a dutsen Ararat na Turkiyya, inda suka tarar da tsohon jirgin da suke zaton na Annabi Nuhu ne, a cikinsa kuma akwatin gawar wata halitta mai ƙaho. Golden ya bi ruwayar Baibul ne wajen zaɓen dutsen. A Alƙur'ani dutsen Judi aka ambata. Littafin ya ci lambar Bram Stoker. Road of Bones na 2022 kuwa a kan hanyar Kolyma ta Siberiya aka gina shi, hanyar da fursunonin zamanin Stalin suka shimfiɗa, da yawansu suka mutu a bakin aikin.

Aikin edita

Cikin tarin labaran da ya tace akwai The New Dead na 2010, da The Twisted Book of Shadows, wanda ya yi tare da James A. Moore, ya kuma ci lambar yabo ta Shirley Jackson.