Tsuntsun da ba ya rabuwa da ɗacin ganye: tambayoyi kan sage-grouse na yammacin Amurka

Wai wane irin tsuntsu ne wannan?

Dangin kaza ne da fakara da talo-talo, a ƙasa yake rayuwarsa. Namijin kan kai kilo 3, macen kusan rabinsa. Jihohi 11 na yammacin Amurka ake samunsa, sai ɗan ragowa a Alberta da Saskatchewan na Kanada, kuma jihar Wyoming kaɗai ta riƙe sama da kashi ɗaya cikin uku. Sunan nasa daga wani ɗan gajeren itace ya samo shi mai toka-tokan ganye da suke cewa sagebrush, dangin tazargade ne, ga ƙamshi ga ɗaci.

To me ya sa ake ta zancen rawarsa?

Ai dole. Daga watan Maris zuwa Mayu, tun da asuba mazan ke taruwa a wani fili kamar dandali, kowa ya kama gurinsa ya baje jela mai tsini-tsini, ya hura wasu jakunkuna biyu rawaya da ke ƙirjinsa su kumbura su sace da wata ƙara bulum-bulum da ake ji daga nesa. Matan sai su zo suna zagayawa suna kallo kamar ba ruwansu, ƙarshe kuma maza ɗaya ko biyu ne ke kwashe yawancinsu, sauran sun sha rawar banza. Filin nan shi dai suke komawa duk shekara, shi ya sa ma'aikatan daji ke zuwa can da duku-duku su ƙirga maza, da haka ake gane ko sun ƙaru ko sun ragu.

Idan sagebrush ya ƙare ba zai koma cin wani abu ba?

Nan fa gizo ke saƙar. Tsuntsun ba shi da ƙundu mai ƙarfi irin na kaza da zai niƙa tsaba, abu mai laushi kawai yake iyawa. Lokacin sanyi da ƙanƙara ta rufe komai, ganyen sagebrush ne abincinsa kusan kaf, har ƙiba yake yi a kansa. Macen ma a ƙarƙashinsa take ƙwai, shida zuwa tara, ta kwanta kusan sati huɗu. Ƴan tsakin kuma sai da ƙwari da ƙananan furanni na gefen fadama a makonnin farko. Kenan abinci da ɗaki da maɓoya duk a jikin itace ɗaya suke.

Sun ragu sosai ne ko dai zuzutawa ake?

Hukumar binciken kimiyyar ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar da rahoto a 2021 cewa sun ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari tun daga 1965. Wani rahoton na 2022 ya ce duk shekara ana asarar kimanin eka miliyan 1.3 na dajin sagebrush mai lafiya.

Me ke cin dajin haka?

Noma ya ci nasa tun da can, haƙar mai da gas da titunansu da ƙarar injina sun kori tsuntsaye daga dandali da yawa, turakun lantarki kuma sun zama kujerar hankaki masu shan ƙwai. Amma ni a ganina babban bala'in shi ne wata baƙuwar ciyawa, cheatgrass, da ta shigo daga Turai da Asiya tun ƙarni na 19. Tana riga kowa tsirowa ta shanye damshi, ta riga kowa bushewa, ta cike tsakanin itatuwan da a da ƙasa ce tsirara, to da tsawa ta faɗo ko wani ya yi sakaci sai wuta ta bi ta kamar an zuba fetur. Shi babban sagebrush in ya ƙone ba ya tohowa daga gindi, sai dai daga iri, kuma shekaru gommai yake ɗauka kafin ya dawo, ita kuwa ciyawar baɗi ma ta dawo ta ninka, wuta ta sake tashi. A 2018 gobara ɗaya a arewacin Nevada, wadda aka sa wa suna Martin, ta cinye sama da eka 400,000. A gefen tsaunuka kuma matsalar ta juya, bishiyoyin juniper ne ke gangarowa suna mamaye fili, tsuntsun kuma ba ya son zama inda akwai doguwar bishiya don nan gaggafa ke sauka.

Gwamnati ba ta sa shi a jerin masu ƙarewa ba?

A 2010 hukumar kula da namun daji ta ce ya cancanta amma akwai waɗanda suka fi shi gaggawa. A Satumba 2015 sai sakatariyar cikin gida Sally Jewell ta sanar cewa ba za a sa shi ba, wai shirin haɗin gwiwa da aka yi da jihohi da masu kiwo ya isa. Gaskiyar magana dai kowa tsoron dokar kare halittu masu ƙarewa yake, don in ta hau to kiwo da haƙar mai a miliyoyin eka sai sun shiga takura. Wyoming ma tun 2008 ta ware yankunan da aka taƙaita haƙa a cikinsu. Matsalar ita ce duk gwamnatin da ta zo sai ta taɓa shirin, kotu ta shiga. Kanada kuwa da nasu suka kusa ƙarewa dokar gaggawa suka sa a 2013.

Akwai abin da ya yi aiki?

Akwai, kuma wani ƙaramin abu ne. Tsuntsayen na tashi ƙasa-ƙasa cikin duhun asuba su daki shingen waya su mutu, sai aka riƙa maƙala ƴan fararen robobi a jikin wayar, mace-macen suka ragu sosai. Sare juniper ma ya dawo da su wurare da dama, haka sauya wa shanu makiyaya don a bar ciyawar da za ta rufe sheƙa.

Sauran tsuntsayen wurin fa?

Akwai ƙananan da su ma ba su da gida sai nan, irin su Brewer's sparrow da sagebrush sparrow da sage thrasher, ga wani mitsitsin zomo da barewar pronghorn. Da yake sage-grouse fili mai faɗi yake buƙata, in an kare masa nasa su ma sun samu inuwa. Sai dai ba kowa ke amfana ba, pinyon jay misali a cikin bishiyoyin da ake sarewa yake zaune, kuma shi ma raguwa yake yi.